Shanun da Ba a Gado

Ku da kuke cewa kiwo ai bin saniya ne kawai da sanda, ku gyara zama. Sunana Sale, kuma tun da na yi wayo ban taɓa yin wata sana'a ba sai kiwon shanun gidan Malam Yero. Sai dai kiwon da na yi ba irin wanda kuka sani ba ne, don shanun nan ba su da mai su.

Malam Yero, wanda da yawanku jininsa ne, babban mutum ne a ƙasar nan tsakanin Gwarzo da Kabo, gidan sarauta kuma gidan karatu. Ban riske shi ba. Abin da aka gaya mini shi ne, a ƙarshen rayuwarsa ya gano ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya ta talauce bayan rasuwar mijinta, har takan wuni ba ta ɗora tukunya ba, kuma ba ta gaya wa kowa ba, don 'yar babban gida ba ta roƙo. Sai ya tara 'ya'yansa da liman, ya ware wani sashe na garkensa, ya ce ya yi wakafi da shi. Ba a gado, ba a sayarwa. Duk wanda ya fito daga tsatsonsa, mace ko namiji, idan duniya ta juya masa baya, a kai masa saniya mai shayarwa har gida. In nononta ya ƙafe a dawo da ita da ɗanta, a kai masa wata. Bijimai kuma a hore su su zama shanun huɗa, a kai wa wanda yake da gona ba shi da ƙarfi. Kiwon ya danƙa shi a hannun kakana, daga shi ya koma hannun Baffa Manu, ƙanin mahaifina, daga Baffa ya zo kaina.

Aikin farko da Baffa ya ba ni ba shi da alaƙa da sanda. Rama ya zube a gabana ya ce in tufka igiya. Na yi rani guda ina tufka, tafin hannuna ya yi kanta, cinyata ta saɓule. Duk wadda na gama sai ya ɗaura ta a jikin gawo ya ja da ƙarfinsa, in ta tsinke ya jefo mini, in ba ta tsinke ba ya murza ta a wuyansa ya ce ta yi kaushi, za ta ci wuyan maraƙi. Bayan igiya sai ƙulli. Ya ce igiyar nan ba a hannuna za ta zauna ba, gidan mutane za ta, kuma wadda za ta kwance ta wataƙila tsohuwa ce da yatsunta suka sandare. Dole ƙullin ya riƙe saniya mai fizga, kuma ya kwance da ja ɗaya. Sai da na iya wannan da idona a rufe ya yarda na taɓa dangwali, wato doguwar igiyar nan mai zarge-zarge da ake jera maruƙa a kai. Kayan aikinmu ke nan: igiya, dangwali, ƙwaryar tatsa, kanwa a buhu, da sanda daga ƙarshe. Sandar ma Baffa ya ce ta nuni ce, ba ta duka ba, don saniyar da ta saba da duka ba za ta tsaya wa mace ba.

Horon saniya kuwa shi ne rabin sana'ar. Saniyar daji makiyayinta kaɗai ta sani. Tamu dole ta yarda da hannun da ba ta sani ba, ta zauna a tsakar gida inda ake daka, yara suna gudu, kaji suna shiga ƙarƙashinta. Tun tana karsana muke shafa mata hantsa kullum, mu sa mata su zo kusa da ita, mu buga turmi a gabanta. Wadda ta ƙi horuwa ta zauna a garke ta yi ta haihuwa, ba a kai ta gidan kowa.

Ɗaya rabin shi ne gane wanda yake cikin buƙata, don ba wanda zai zo ya faɗa. Mutanen gidan nan gara su mutu da yunwa da a ce an ga hannunsu a miƙe. Da kaka ta wuce sai Baffa ya ɗauke ni mu shiga zagayen gaisuwa, daga Gwarzo zuwa Getso, Unguwar Tudu, har Kabo da ƙauyukanta, duk inda aka aurar da 'yar gidan ko wani jika ya koma da zama. Za a yi gaisuwa mai tsawo, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi shanu, kowa ya ce lafiya lau, sai godiya. Baffa bai taɓa tambayar kowa halin da yake ciki ba. Zai roƙi ruwan sha, kafin a kawo idonsa ya zagaya. Ya dubi tokar murhu ko ta yau ce. Ya dubi turke ko akwai akuya. Ya saurari turmi a lokacin da maƙwabta suke daka. Ya dubi gashin yara ko ya soma ja. In muka fito sai ya tambaye ni abin da na gani. Na daɗe ina cewa ban ga komai ba.

Kai saniyar ma da yadda ake yi. Ba a cewa ga sadaka, ba a ambaton wakafi. Cewa ake garke ya yi mana yawa, ciyawa ta yi ƙaranci, a taimaka a riƙe mana wannan zuwa wani lokaci. Mai karɓa ya san gaskiya, mai kawowa ya sani, maƙwabta ma sun sani, amma da wannan maganar kowa zai iya ɗaga kansa a masallaci.

Saniyar farko da na kai ni kaɗai, bayan ƙafa ta hana Baffa tafiya, gidan Goggo Dije na kai ta a Getso. Goggo jikar Malam Yero ce ta wajen uba. Ta auri wani attajirin goro, an ce a zamaninta ba a rufe ƙofar gidanta saboda baƙi. Mijin ya karye kafin ya rasu. Ɗanta guda, direba, ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kano, matarsa kuma ta bi shi wajen haihuwa, suka bar wa tsohuwa yara biyu maza da jaririya, Ummi. Da na je gaisuwa na tarar kwanukan jere da ke ɗakinta sun ragu, ga tabon inda suke a bango, kuma jaririyar koko ake ɗura mata.

Na zaɓi wata saniya da muke kira Goshi, saboda baƙin tabo a goshinta. Mai sanyin hali ce, ko yaro ya ja wutsiyarta ba ta harbi. Na isa da hantsi, lokacin da maza suka tafi gona, na yi sallama. Goggo ta fito da mayafinta mai kyau, ta dubi saniyar, ta dube ni.

"Ɗan Manu, wa ya ce maka ina da buƙata?"

Na durƙusa na ce, "Goggo, mu ne da buƙata. Garke ya fi ƙarfina, Baffa kuma ga ƙafa. Na rasa gidan da zan amince wa da wannan sai naki."

Ta sake duban saniyar. Sannan ta ce to, tun da alfarma na roƙa ba za ta kunyata ni ba, amma in sani ita ba ta da lokacin wahala da saniya. Na kafa turke a gindin darbejiya, na nuna wa manyan yaran yadda za su yanko ciyawa. Da na ɗauko ƙwarya zan nuna mata tatsa sai ta karɓe, ta tsuguna, ta jingina kanta a jikin saniyar, ta tatsa kamar jiya ta bari. Ashe ta koya tun tana yarinya a gidan kakanta. Ba ta yi mini godiya ba, kuma haka ya kamata. Ummi da nonon Goshi aka yaye ta. Abin da ya rage Goggo takan yi kindirmo, maƙwabciyarta ta kai mata kasuwa a matsayin na ita maƙwabciyar, a sayo gero. Shekaru muka yi a haka, in wannan ta ƙafe in kawo wata, amma duk lokacin da Goshi ta haihu gidan take komawa.

Kada ku ɗauka lokacin nan komai daidai yake. Tun kafin Baffa ya rasu burtali ya soma tsukewa. Hanyar da muke bi da garke zuwa rafi, wadda a da shanu ke jerawa kafaɗa da kafaɗa, ta koma sai ɗaya bayan ɗaya, dawa a dama gero a hagu. Fadamar da muke kiwon rani aka yi lambuna. Karan da manomi ke roƙonmu mu shigo mu cinye don taki, ya koma ana ɗaure shi a kai kasuwa. Zuri'a kuma ta yi yawa, masu buƙata sun ninka, garke bai ninka ba. Da damina sai in kwana biyu ina neman inda zan tsayar da shanu ba tare da an kai ni gaban mai unguwa ba. Duk da haka ana tafiya.

Sai shekarar ciwon huhu. Wanda ke riƙe da al'amuran gidan a lokacin Alhaji Sabo ne, ɗan kasuwa mazaunin Kano, mutumin kirki, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Da aljihunsa ya sayo wani ƙaton bijimi mai jinin shanun waje, ya ce a haɗa iri don nono ya ƙaru, a samu a kai wa gidaje da yawa. Ni ma na yaba bijimin. Na ware shi na ɗan lokaci kamar yadda aka saba, ban ga tari ba, ban ga majina ba, na sake shi cikin garke. Ashe akwai dabbar da ke ɗauke da ciwon nan a ɓoye tana cin abincinta lafiya.

Wata safiya na ga wata karsana ta ware, ta miƙe wuya, ta bubbuɗe ƙafafun gaba, tana nishi kamar mai ɗauke da kaya. Na kara kunne a haƙarƙarinta, na ji abin da Baffa ya taɓa kwatanta mini, kamar ana murza busasshiyar fata. Kafin mako ya zagayo tari ya cika mashekari, inda garken ke kwana. Na raba su gida biyu, na ƙaurar da masu lafiya, washegari masu lafiyar su ma su soma. Likitan dabbobi ya zo ya yi allura, ya ce mini a gefe rigakafi kafin ciwo ake yi, yanzu sai abin da Allah ya yi. Na yi jiƙo, na yi hayaƙi, na yi lalas da ƙarfe a haƙarƙari irin na mutanen da. Wadda ta kusa sai in yanka kafin ta zama mushe. In an buɗe ƙirji sai ka ga huhu ya manne da ƙashi, ruwa rawaya ya cika ciki. Har mahauta suka daina zuwa. Shanun huɗa da na yi shekaru ina horarwa, waɗanda ke juyawa da murya ba da igiya ba, a rana ɗaya suka kwanta. Ungulu suka saba da wurin har ba sa tashi in na zo wucewa. Dangwalin da a da ba ya isar maruƙa, na naɗe shi na rataye.

Da abin ya lafa, abin da ya rage a garke bai cika yatsun hannu ba, su ma ƙashi da fata. Masu lafiya su ne waɗanda ke gidajen mutane, don ba su haɗu da bijimin ba.

Aka kira taro a zauren babban gida. Ni a bakin ƙofa na zauna, inda kakana da Baffa suke zama. Aka daɗe ana magana. Wasu suka ce a haƙura a sake tara garke. Wasu suka ce ina makiyaya, ina burtali, ga ɓarayin shanu sun soma leƙowa daga yamma, ko an tara wata rana za a wayi gari babu. Aka tambayi wani malami, ya ce idan abin wakafi ya daina amfani ya halatta a musanya shi da abin da zai yi amfani. Aka tsaya a kan a tattara duk shanun, har na gidajen mutane, a sayar, a gina shaguna a Kano, abin da suka kawo a riƙa raba wa mabuƙata. Alhaji Sabo ya juyo ya tambaye ni ko ina da magana. Na ce, ranka ya daɗe, a bar na gidajen mutane ko zuwa kaka ne, don damina ta kama, rumbuna babu komai. Ya ce ya ji, amma wanda zai sayar da filin da za a gina shagunan ba zai jira kaka ba. Ya ce in yi haƙuri, ni na kai su, ni na san gidajen, ni zan karɓo.

Babu abin da Baffa ya koya mini game da karɓo saniya mai nono. Ba a taɓa yi ba, don haka babu maganar da aka tanada. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho a Unguwar Tudu ya juya mini baya ya fuskanci bango har na fita. Wata a Kabo ta bi ni har bakin titi tana tambaya ko wani laifi ta yi. Getso na bari ƙarshe.

Na tarar Goggo Dije ta riga ta ji. Ta share gindin darbejiya, ta wanke Goshi, ta ba ta dusa. Ummi, wadda lokacin ta fara wayo, tana zaune a kan turmi da ɗan kwanonta tana jiran tatsar yamma. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, ba ta rage ko ɗaya ba, har shanu ta tambaya. Na buɗe baki zan yi bayani ta ɗaga hannu.

"Kada ka wahalar da kanka, ɗan Manu. Aike ne. Ka bari in tatsa ta yau, in ba za ka makara ba."

Ta tatsa, ta cika wa yarinyar kwano, ta juye sauran. Ta wanke ƙwaryar ta miƙo mini, ta ce kayan gidan Malam Yero ne, a haɗa da ita. Da hannunta ta kwance igiyar. Saniyar ta ƙi fita, ta toge a zaure, sai da tsohuwar ta dafa bayanta ta raka ta har waje.

Shagunan an gina su, ba ƙarya aka yi ba. Amma gini ya ci lokaci, haya ta ci lokaci, da aka fara rabo kuma aka ce duk mai buƙata ya zo babban gida ranar da aka sa, ya bayyana kansa a gaban kwamiti don kada a yi son kai. Waɗanda suka je su ne masu ƙarfin ido. Waɗanda Malam Yero ya yi abin dominsu ba su je ba. Goggo ba ta je ba. Na gaya wa Alhaji Sabo, ya aika mata da buhu a mota, direban ya tsaya a ƙofar gida yana tambayar maƙwabta ko nan ne gidan da aka ce a kawo taimako. Goggo ta ce masa ya yi ɓatan kai.

Ummi ba ta kai kakar shekara ta biyu bayan tafiyar Goshi ba. Ƙyanda ce ta zo gari, yara da yawa suka yi suka tashi, ita ba ta tashi ba. Ban ce rashin nono ne ya kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. Amma na je gaisuwa kafin nan, na ga gashinta, na ga ƙafafunta. Goggo ta bi ta bayan shekara. Mazan biyu wani dangin uwarsu ya kwashe su, an ce suna tura baro a Kano. An sayar da gidan, wanda ya saya ya sare darbejiyar.

Ni kuma na koma turka wa 'yan kasuwa bijiman Sallah, aikin da ba ya buƙatar komai sai dusa da ruwa. 'Ya'yana babu wanda ya tsaya koyon tufka, kuma ban tilasta musu ba.

Shekarun baya kaɗan wasu daga cikinku suka haɗa kai ta waya, suka ce za su raya wakafin kakansu. Kuka sayo karsana biyu kuka kawo mini, kuna murna, kuna ɗaukar hoto. Allah ya saka muku, niyyarku mai kyau ce. Na karɓa. Na yanko musu ciyawa a bakin kwalbati da kan iyakar gonaki, da wannan bayan nawa. Na hore su kamar yadda aka koya mini. Ɗaya ta yi ɓari. Ɗayar ta haihu bana, ta yi nono mai kyau, ga ta da sanyin hali.

Na sake fita zagayen gaisuwa, ni kaɗai, rabin gidajen ban ma gane su ba. A Kabo na samu wata yarinya, tattaɓa-kunnen gidan, mijinta ɗan acaɓa ya rasu ya bar ta da goyo da wani na bin ta. Ɗaki ɗaya take haya a gidan mutane da yawa. Alamun duk suna nan, ba sai na roƙi ruwa ba. Watan jiya na kora saniyar da ɗanta tun da safe, a gefen kwalta, motoci suna yi mana ham, don babu sauran wata hanya.

Ta fito, ta gaishe ni da ladabi, ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Baba, ina zan ɗaure ta? Mai gidan ko kaza ya hana. Wa zai yanko mini ciyawa, kuma a ina? Ni ko tatsa ban iya ba." Ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, in da hali a sayar a ba ta ko rabi ne, ta biya haya.

Na ce ba ni da ikon sayarwa. Ta ce ta gane, ta gode, Allah ya huta gajiya. Ta shiga ta kawo mini ruwa a kofi.

Muka juyo. Rana ta take, saniyar hantsarta ta cika tana ɗiga a kan kwalta, ɗan maraƙin yana ta kuka a bayanta. A sana'armu maraƙi ba ya shan nono sai an ɗebi rabon mutane, shi ya sa ake ɗaure shi. Na samu wata ɗorawa a bakin hanya na tsaya. Na duba gabas na duba yamma, ba gidan da zan nufa. Na kwance maraƙin, na zauna a kan saiwa da ƙwarya a cinyata, na bar shi ya shanye duka.